Takalmin zaga dajin Baturiya: wanne za ka saya?

Tunda sanyi ya fara kaɗawa mutane ke ta kirana a waya, wai za su kai yara ko abokai Baturiya kallon tsuntsaye, me ya kamata su saya. Shekaranjiya ma ɗan yayata ya turo min hoton wani ƙaton but irin na sojoji a WhatsApp, ya ce Kawu wannan ya yi? Na ce masa riƙe kuɗinka tukuna yaro, ba yaƙi za ka je ba.

Ga wanda bai sani ba, Baturiya tana ƙaramar hukumar Kiri Kasamma ne a Jigawa, cikin fadamar nan da ta tashi daga Haɗeja har Nguru, kuma tun 2008 aka sa ta a jerin dausayoyin duniya na Ramsar. Wurin shimfiɗe yake, babu dutse babu hawa, tsoho da yaro duk za su iya zagawa a ƙafa. Amma ƙasar kala uku ce, akwai rairayi, akwai ƙarƙashin itatuwa inda ƙayar bagaruwa da ta aduwa ke zube, sai kuma bakin tafki inda laka take. To takalmin da ya yi maka a ɗaya sai ya ba ka kunya a ɗayan, shi ya sa maganar ke da tsawo.

Silifas dai a cire shi a lissafi. Ƙaya ɗaya ta isa ta huda shi har tafin ƙafa, in kuma ka taka laka ƙafar za ta fito shi ya zauna a ciki.

But na roba, wanda masu noman rani da shinkafa ke sawa, shi ne mutane suka fi ruɗuwa a kansa. Gaskiya yana da ranarsa. In kana da niyyar shiga ruwa ko kutsawa cikin kachala, doguwar ciyawar nan ta cikin ruwa, don ka matso kusa da tsuntsayen ruwa irin su dinya da kirinjijiya, babu kamarsa, saboda ruwan kwance irin wannan shi ke ɗauke da tsargiya, ciwon fitsarin jinin nan, ƙwayar tana fitowa ne daga jikin ƙananan katantanwa ta shiga ta fatar mutum ba sai ka sha ruwan ba, ga shi kuma but ɗin yana ɗan kare ƙwauri in aka yi rashin sa'a da maciji. Amma wallahi tafiyar awa biyu a rairayi da shi azaba ce. Ƙafa ta yi gumi, ya riƙa gugar dunduniya, kafin azahar ka yi bororo. Na taɓa gwadawa sau ɗaya, a hannu na dawo da shi. In dole sai ka saya, ƙara lamba ɗaya a kan sayis ɗinka kuma ka sa safa mai kauri.

Takalmin danko rufaffe, irin na Fulani makiyaya, kar ka raina shi don arharsa. Mutanen da ke kwana su tashi a wannan dajin shi suke sawa, ai ba banza ba. Ba nauyi, laka ta taɓa shi ka ɗauraye ka ci gaba, ba ruwansa da jiƙa. Matsalarsa biyu, ƙasansa ba kauri sosai don haka doguwar ƙaya takan ratsa, sannan ƙafar ɗan birni da ba ta saba ba sai ta saɓule a rana ɗaya. Wanda ya tashi a ƙauye yana zuwa gona, wannan ya ishe shi, kar ya ƙara ko sisi.

Ni dai abin da na fi ba mutane shawara shi ne kambas, kuma na gwanjo ba sabo ba. Sabon kambas mai arha da ake jerawa a leda kyan gani ne kawai, gam ne ya riƙe shi, da ya sha ruwa sau ɗaya ya buɗe baki. Na gwanjo in ka shiga Ƙofar Wambai ka natsu ka zaɓa, za ka samu mai ƙasa mai kauri wanda ya riga ya yi laushi ba zai cije ka ba. Lanƙwasa shi a gaban mai kayan ka ga ko ƙasan ya tsage, danna ƙasan da babban yatsa, in ya lotsa da sauƙi ƙaya ma haka za ta shige. Kuma ka guji mai raga-raga a sama, ƙarangiya na son sa kamar me, za ka zauna kana tsinta har magariba. Kuɗi kam ba zan faɗa ba, yau daban gobe daban, ka dai taya.

Shi kuwa but ɗin fata da ɗan yayata ya nuna min, na wurin dutse ne, irin Falgore can wajen Doguwa da Tudun Wada, kuma can ma ba a shiga haka kawai sai an tambayi yadda tsaro yake. A Baturiya nauyi kawai za ka ɗauka.

Iyayenmu mata da 'yan mata, kambas da safa doguwa, hijabin kuma kar ya zama mai jan ƙasa saboda ƙarangiyar nan dai.

Sauran kayan ba su da yawa. Malafa ta fi hana-sallah don tana rufe wuya da kunne. Ruwa a zuba a gora, piya wata yana saurin ɗumi kuma ledar a daji take ƙarewa shanu su cinye. In akwai rarar kuɗi to a madubin hangen nesa ya kamata ta tafi, don zumin ɗin waya ba ya ɗauko zalɓe a tsallaken tafki sai dai ɗigo. Nemi mai rubutun 8x42, wato yana jawo abu sau 8 kuma faɗin gilashin gaba milimita 42 ne, wanda ya wuce sau 10 rawa yake a hannu. Na yara da ake sayarwa lokacin sallah kar ma ka fara.

Duk wannan lissafin na Nuwamba zuwa Fabrairu ne, lokacin da ruwa ya ja baya kuma tsuntsayen da ke gudun sanyin Turai sun sauka. A Agusta da Satumba in kogin Haɗeja ya cika, maganar kwale-kwale ake ba takalmi ba. Ɗan yayar tawa dai kambas ɗin gwanjo ya saya, canjin ya ce zai riƙe na kifi a Haɗeja in za mu dawo.