fstab ko udisks: wanne ya dace da faifanka?

Ɗan'uwa, ka ce a shagonka na buga takardu da ke Gusau ka sa Linux Mint. Filashin kwastomomi wani ya buɗe, wani ya ƙi, shi kuma faifai na biyu da kake ajiyar ayyuka kullum sai ka danna shi kafin ya fito. Kana tambaya ko ka rubuta su duka cikin fstab, wato fayil ɗin da ake jera faifan da Linux zai riƙa buɗewa da kansa. Kada ka yi haka, don aikin fstab da na udisks ba ɗaya ba ne.

Na baƙi shi ne udisks, manhajar da ke buɗe faifan da aka soka. Da ka soka filashi, shi zai buɗe maka shi a ƙarƙashin /media da sunanka (a Fedora, wani nau'in Linux, kuwa /run/media), ba tare da ka rubuta komai ba. Sai dai ba ya motsi sai ka shiga kwamfutar da sunanka.

Shi kuwa /etc/fstab na 'yan gida ne, tun ana kunna na'ura ake karanta shi. Faifanka na biyu nan ne wurinsa. Amma yana da tsauri: in ka rubuta faifai a ciki, ranar da babu shi, kwamfutar za ta jira daƙiƙa 90 sannan ta tsaya a baƙin allo, kwastoma na tsaye a kanka. Saboda haka ka ƙara kalmar nofail a layin, don kwamfutar ta ci gaba da kunnuwa ko da babu faifan. Kuma kar ka rubuta /dev/sdb1, wannan suna yakan sauya in ka kunna da wani filashi a soke. Buga lsblk -f ka kwafi lambar UUID, wato lambar shaidar faifan, ka sa ta a madadinsa. Kafin ka sake kunnawa, gwada sudo mount -a, sannan ka duba da lsblk -f ko faifan ya buɗe, don da nofail a layin ba zai faɗa maka ba in ka kuskure lambar UUID.

Filashin da ke ƙin buɗewa kuwa, ina kyautata zaton ba laifin fstab ko udisks ba ne. Ni ma a shagona na Birnin Kebbi na sha fama da shi: an ɗauke wuta ana tsakar kwafi, ko an fizge shi daga Windows ba a sallame shi ba. In tsarinsa NTFS ne (tsarin ajiyar fayil na Windows), sai ya zauna da alamar cewa bai rufu daidai ba, Linux kuma ya yi taka-tsantsan da shi don kar aikin mutane ya lalace. Mayar da shi kan Windows ka bi shi da chkdsk (umarnin Windows na duba faifai da gyara shi), ka cire shi yadda ya kamata, sannan ka dawo da shi.