Monitar ƙasa ko ta kunne? Amsa ga mai ƙungiyar kiɗan biki

Ɗan'uwa, na ga tambayarka, na kuma ga amsoshin da aka ba ka sun rabu gida biyu, shi ya sa na ce bari in zauna in yi maka bayani a tsanake. Ka ce ku bakwai ne: mawaƙi, 'yan amshi biyu, mai fiyano, mai jita, mai ganguna da mai kalangu. Yawancin aikinku dinar biki ce a ɗakunan taro, monitocin ƙasa biyu gare ku, wato lasifikan da ake ajiyewa a gaban makaɗa don su ji kansu, ɗaya ta fara karkarwa, kuma kullum rigimar ke nan: "a ƙara mini, ba na jin kaina." Ka tara 'yan kuɗi, kana tunanin ko ka ƙaro na ƙasan, ko ku koma monitar kunne, wato iyafis ɗin da ake kai wa kowane makaɗi nasa sautin. Na yi aiki da duka biyun. Ta kunne na fi so, ba zan ɓoye maka ba, sai dai akwai wuraren da ta ƙasa ta fi ta, kuma aikin biki yana cikinsu.

Mu fara da rigimar da ka ambata, domin ita ce uwar matsalar. Monitar ƙasa lasifika ce da take harba sauti cikin iska, kuma iska ta kowa ce. Mai ganguna ya daka, mai jita ya daina jin kansa ya ƙara amfilifayarsa, mawaƙi ya nutse ya ɗaga wa injiniya hannu, aka ƙara masa, sai mai fiyano shi ma ya ce ya ɓace. Kafin a yanka kek, kowa ya ƙara, kuma har yanzu ba wanda yake jin abin da yake so. Ga kuma nisa: a fili, duk lokacin da tazararka da lasifika ta ninka, sauti yana raguwa da kusan desibel 6 (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin sauti). Mawaƙi ya yi taku uku ya nufi teburin uwar amarya, shi ke nan ya fita daga da'irar monitarsa, sai ya koma lalube. Ɗakunan taronmu kuma ka san su, tayil a ƙasa, gilashi a gefe, silin mai tauri a sama. Abin da monita ta fitar yana dukan bango ya dawo, ya shiga makirufo, ya cakuɗe da sautin manyan lasifikan da ke fuskantar jama'a. Shi ya sa wani lokaci injiniya zai rage na gaba har ƙasa, amma mutanen teburin farko suna ta toshe kunne, kalmomin waƙar kuma ba sa fita.

Kuwwar nan mai tsaga kunne ma daga nan take. Makirufo ya ɗebi abin da monita ta fitar, ya mayar mata, ta sake fitarwa da ƙarfi, haka har ya zama ihu. Ana iya rage ta. Makirufo irin Shure SM58 ta bayansa ne ba ya ji, don haka monita ta zauna daidai bayansa. Beta 58A kuwa ta gefen baya ne ya fi kurumcewa, sai a karkatar da ita gefe. Amma duk dabarar nan tana aiki ne muddin mawaƙi yana tsaye wuri ɗaya bai dunƙule kan makirufo da tafinsa ba, kuma wane mawaƙin biki ne yake tsayawa wuri ɗaya?

Monitar kunne ta cire sautin daga iska gaba ɗaya. Kowa da nasa haɗin: mawaƙi ya ji muryarsa da fiyano a sama, mai ganguna ya ji bes, wato sautin nan mai kauri, da kalangu, kuma abin da ya ji yana tsaye shi zai ji ko ya shiga tsakiyar masu rawa. Dandamali ya yi shiru, makirufo ya daina ɗibar tarkace, sautin gaba ya wanku. Ranar farko da muka gwada, abin da ya fi ba ni mamaki shi ne 'yar amshinmu. Shekara biyu tana ɗaga jijiyar wuya tana tura murya da ƙarfi, muna zaton haka salonta yake. Da ta ji kanta sosai, sai ta sauko, muryar ta fito da taushi, kuma aka tashi ba ta dishe ba.

Maganar da ta fi damuna ita ce ta lafiyar kunne, kuma ina roƙonka ka ɗauke ta da gaske. Cibiyar NIOSH ta Amurka, mai bincike kan lafiyar ma'aikata, ta ba da shawarar kada a wuce desibel 85 na tsawon awa 8, kuma duk ƙarin desibel 3 yana raba lokacin biyu: 88 awa 4, 91 awa 2, 94 awa ɗaya, 100 kuwa minti 15 kacal. Tsayawa tsakanin ganguna da monitar da aka ƙure ba wuya ya kai 100, mu kuma awa uku muke yi, wani satin sau uku. Ka san ƙaran nan siriri da kake ji idan ka kwanta ƙarfe biyun dare bayan an tashi, gari ya yi tsit amma kunnenka bai yi ba? Ƙananan gashin da ke can cikin kunne ne suka jigata, kuma idan suka mutu ba sa sake tsirowa. Iyafis da ya zauna daram yana toshe hayaniyar waje. Kamfanin Shure ya ce SE215 ɗinsa yana rage har desibel 37, waɗanda ake ƙerawa da siffar kunnen mutum kuma suna rage wajen 25. Idan hayaniya ta ragu haka, ba ka bukatar ƙure sauti kafin ka ji kanka. Tarihin abin ma da makaɗi yake haɗe: a 1995 Jerry Harvey, injiniyan monita na ƙungiyar Van Halen, ya ƙera wa mai gangunansu Alex Van Halen iyafis na musamman saboda ya kasa jin 'yan'uwansa a cikin ƙarar dandamali, daga nan kamfanin ƙera iyafis na Ultimate Ears ya samo asali.

Sai dai kada a ruɗe ka cewa sa iyafis kawai kariya ce. Abu ne da yake dab da dodon kunne, kuma wanda ya saba da ƙara zai murɗa shi har ƙarshe ya cuci kansa fiye da da. Dole a sa limita, wato abin da ke hana sauti wuce iyakar da aka sa masa, a kowace hanyar da ke zuwa kunne, domin makirufo ya faɗi ƙasa ko wani ya zare wayar jita ba a kashe ba, dukan kai tsaye zai shiga. Kuma ka hana mutanenka cire ɗaya su bar ɗaya. Kunne biyu tare sun fi jin ƙarfin sauti, to idan aka cire ɗaya sai mutum ya ƙara wa na cikin don ya rinjayi hayaniya, ga na wajen kuma a buɗe ba kariya. Duka biyun ke nan suna shan wuya.

Yanzu ga inda monitar ƙasa take da gaskiya. Waƙar biki hira ce da jama'a. Mawaƙi yana bukatar jin guɗa, jin inda shewa ta tashi, jin mutumin da ya matso ya raɗa masa sunan Hajiyar da ta fito liƙi don ya sa ta a baiti. Ka toshe masa kunne biyu, sai ya ga bakuna suna motsi, hannuwa suna tafi, shi kuma kamar yana cikin ɗaki shi kaɗai. Wannan ne yake sa mawaƙa fizge iyafis a tsakiyar waƙa, kuma ba laifinsu ba ne. Ga muryarsa da take yi masa gum a cikin kai saboda toshewar, abin da sai ya yi kwanaki kafin ya saba. Maganin na farko shi ne a kafa makirufo ɗaya ko biyu a bakin dandamali suna kallon jama'a, a kai sautinsu kunne kawai, kaɗan-kaɗan, kada ya fita gaba. Na biyu ya ma fi raɗa aiki: ka ba mai tattara sunaye makirufon da ba ya zuwa ko'ina sai kunnen mawaƙi, ya faɗa masa suna da sarauta sarai ba wanda ya ji. Da irinsa shugaban kiɗa zai ce "mu koma amshi" ko "a tsaya bayan wannan," ba sai da harara da ɗaga gira ba.

Akwai kuma baƙi. Ƙawar amarya za ta karɓi makirufo, baƙon mawaƙi zai hau ya yi baiti biyu, ba za ka ciro iyafis mai gumi daga kunnen wani ka miƙa musu ba. Sannan wuta: idan aka ɗauke kafin janareto ya karɓa, duka tsarin biyu suna mutuwa, amma masu monitar ƙasa kunnensu a buɗe yake, suna jin kalangu su riƙe kiɗan. Masu iyafis sai sun cire tukuna. Ƙaramin UPS, wato batirin da ke riƙe wuta idan aka ɗauke, a kan miksa (na'urar haɗa sauti) da na'urar da ke aika sauti zuwa iyafis yana raba ka da wannan, ya kuma hana ƙarar dawowar wuta shiga kunnen mutane.

Abin da zai yanke hukunci, wanda ba ka faɗa mana ba, shi ne miksarku. Monitar ƙasa ɗaya mutum uku za su iya rabawa. Ta kunne kuwa amfaninta shi ne kowa ya samu nasa haɗin, kowane haɗi kuma yana cin mafitar AUX ɗaya, wato ƙofar da miksa ke fitar da haɗi na daban ta cikinta, ko biyu idan sitiriyo ne, hagu da dama daban. Miksa mai AUX biyu ba za ta ɗauki mutum bakwai ba, in ka tilasta sai rigimar "a ƙara mini" ta dawo, wannan karon a cikin kunne. Miksar Behringer XR18 tana da shida, kuma kowa zai iya gyara nasa haɗin da manhaja a wayarsa. 'Yan amshi biyu su raba ɗaya, kun cika ke nan. Kuma ka lura, duk abin da ba a sa wa makirufo ba, ba ya cikin kunne. Kalangun da a da ake jin sa haka nan, yanzu sai an ba shi nasa.

Tsadar da ake tsoratar da kai da ita ta marar waya ce, irin Shure PSM 300 da Sennheiser EW IEM G4. Suna aiki a zangon rediyo na UHF, na'urar aikawa ɗaya tana iya ciyar da masu karɓa da yawa, amma sai an duba tashar da ba kowa a kowane wuri, kuma suna cin batir. Masu araha na 2.4 GHz, irin Xvive U4, zango ɗaya suke da wayoyi da intanet ɗin ɗakin. A wajen gwaji lafiya lau, idan baƙi suka cika kowa da waya a hannu za su iya yankewa. To amma mai ganguna da mai fiyano ina za su? A zaune suke. Ƙaramin akwatin ɗamara irin Behringer P2, mai batir AAA biyu, da wayar XLR daga miksa ya ishe su, ba yankewa, kuma kuɗinsa bai kama ƙafar monitar ƙasa mai kyau ba.

Da ni ne da kuɗin nan, ba zan sayi sabuwar monitar ƙasa ba, ba kuma zan zuba su duka a marar waya ba. Zan fara da mai ganguna, mai fiyano da mai jita a kan waya, domin su ne tushen ƙarar dandamali. Monitarku mai lafiya ta zauna a gaba saboda mawaƙi da baƙi, kuma za ka ga ba ta bukatar ƙurewa tunda baya ya yi shiru. Idan aka saba, kuɗi ya ƙaru, sai a saya wa mawaƙi marar waya mai kyau guda ɗaya. Kowa ya mallaki iyafis ɗinsa, ya gwada girman robar har ya samu wadda take toshewa sosai, domin idan ta saki bes ɓacewa yake, sai mutum ya hau ƙara sauti. A zagayo da wayar ta bayan kunne a saka ta cikin riga, a goge gumi da dattin kunne bayan kowane wasa. Kuma kada ranar biki ta zama ranar gwajin farko. Ku yi atisaye uku ko huɗu da shi tukuna.

Ka turo hoton bayan miksarku da na gabanta, in ƙirga maka mafitar da kuke da ita, sai mu tsara wa zai hau wace.