Na aika kekena wani gari ta kamfanin jigilar kaya

Aiki ne ya mayar da ni wani gari, kuma duk cikin kayana babu wanda ya tsaya mini a rai kamar kekena. Ba sabo ba ne, amma mai giya ne, kuma shekara 4 ke nan muna tare. Na sha ganin yadda ake ɗaure keke a saman mota a danne shi da kaya, shi ya sa na ce gara in biya kamfani.

Ranar farko da na tura shi har ofishinsu, ma'aikaciyar ta dube ni ta ce, "Malam, ai ba ma karɓa haka, sai a kwali." Raina ya ɗan sosu, sai daga baya na gane gata ta yi mini.

Wurin mai gyaran keke na samo kwalin, irin wanda sababbin kekuna ke zuwa a ciki, kuma shi ya taya ni kwancewa. Mun cire tayar gaba da sirdi, muka kwance kan keken muka ɗaure shi a jikin bodi. Feda ce ta so ba ni kunya. Na sa sifana mai lamba 15 ina ta murɗa fedar hagu yadda aka saba kwance noti, ashe ƙara ɗaure ta nake yi, domin ita ta ɓangaren da ake ɗaure sauran notuna take kwancewa. Mai gyaran ya yi dariya har da riƙe ciki. Shi ne kuma ya sa guntun katako tsakanin ƙarafan da ke riƙe tayar gaba, ya ce in babu taya a wurin, da zarar an danne kwalin za su matse. Muka naɗe bodin da soso da tsumma, ƙananan notuna a leda, na ɗauki hoton keken ta kowane gefe har da lambar da ke ƙarƙashin bodi.

A wurin awo na sha mamaki. Keken bai wuce kilo 13 ba, amma ba nauyinsa suka caje ni ba, girman kwalin suka bi. Tsawo santimita 140, faɗi 20, tsayi 75, suka ninka su, suka raba da 5000, ya tashi kilo 42. Haka kamfanoni da yawa suke lissafi, amma da sun faɗa mini tun zuwan farko da na rage wa kwalin tsayi. Inshora ma sai da na tambaya da bakina kafin aka rubuta darajar keken a rasit.

Sun ce kwana 3, ya yi 5. Lambar bibiya da suka ba ni ta yi kwana 2 cur tana nuna wuri ɗaya, in na kira kuma sai a ce "yana hanya". Wannan ne ya fi ɓata mini rai, ba jinkirin ba.

Da kwalin ya iso, kusurwa ɗaya ta lotsa, alamar an kwantar da shi an ɗora masa kaya duk da kibiyoyin da na zana. A gaban direban na buɗe kafin in sa hannu, bai kuwa yi ƙorafi ba. Bodi lafiya, ko ƙwarzane babu, taya ba ta karkace ba. Sai da na haɗa na hau na ji sarƙa tana tsalle. Ɗan ƙarfen da ke riƙe abin canza giya na baya ne ya lanƙwashe. Laifin rabi nasu, rabi nawa: mai gyaran ya ce mu kwance shi mu naɗe daban, noti ɗaya ne tal, ni kuma na ce dare ya yi. Gyaran bai fi minti 20 ba.

Zan sake aikawa ta wurinsu, in dai ni zan shirya kwalin. Na ba su uku da rabi cikin biyar, kwalin kuma yana nan na jingine shi a bayan ƙofa.