Tambayoyin keke a IELTS: kundin amsoshi ko malamin atisaye?

Ɗan'uwa, ka ce kana shirin ɓangaren magana na IELTS, jarrabawar auna iya Turanci, kuma tambayoyin da ake yi a kan keke sun tsaya maka. To, tsakanin kundin shiryayyun amsoshin da kake shirin saya da biyan malamin da za ku riƙa atisaye ta bidiyo, ɗauki malamin. Duka biyun na kashe musu kuɗi, kundin ne na yi da-na-sanin saya.

Tunda batun keke ne ya tsaya maka, to ni ma a kansa idona ya buɗe. Na haddace amsar kundin tsaf: keke na rage hayaƙi, yana motsa jini, ba ya cin mai. Zamanmu na farko malamata ta tambaye ni ko na hau keke ina yaro, na zazzago mata haddar nan ba tare da na ja numfashi ba. Ta bari na gama, sannan ta ce, to wa ya koya maka? Nan fa bakina ya mutu, don kundin bai zo nan ba. Sai ta ce in manta da Turanci mai ado, in faɗi abin da ya faru. Na soma labarin yayana yana riƙe da sirdin ta baya, ina taka feda ina tangaɗi, ban san ya saki ba sai da na waiga na hango shi can nesa. Na faɗi ranar da kaca ta zame, na mayar da ita hannuna duk baƙin mai. Duk inda na cije, a kan kaca, birki ko faci, sai ta ba ni kalmar Turancin in maimaita ta cikin jimlata. Har yau kalmomin nan suna bakina, domin a kan kekena na koye su.

Ka lura da yadda ɓangaren magana na jarrabawar yake. Minti 11 zuwa 14 ne, kashi 3. A na farko gajerun tambayoyi ne a kan rayuwarka, nan keke ya fi fitowa. A na biyu za a ba ka kati, minti 1 na shiri, ka yi magana har minti 2 kai kaɗai. Na uku muhawara ce, misali me ya sa wasu birane ke ware wa kekuna hanyarsu. A nan zancen Holan, inda kekuna suka fi mutane yawa, yakan yi amfani, amma sai ka iya kare shi idan an bi ka da wata tambayar. Abu 4 ake auna maka: gudanar magana da haɗuwarta, yawan kalmomi, nahawu, da furuci. An horar da masu jarrabawar su gane hadda, kuma da sun ji ta sukan karkata tambayar. Furuci kuwa takarda ba ta jin ka balle ta gyara maka.

Kundin dai ba zan ce ba shi da amfani ko kaɗan ba, jerin tambayoyinsa na da ɗan daɗin dubawa. Sai dai irinsu suna nan kyauta a shafukan intanet na British Council da IDP, hukumomin da ke gudanar da jarrabawar.

Abin da ba ka tambaya ba amma ya dame ni: masu tallan cewa suna da tambayoyin da za su fito, ko za su ƙara maka maki, ko su ba ka takardar sakamako ba tare da ka zauna ba. Ka guje su. Jami'o'i suna tantance sakamakon ta intanet, kuma wanda aka kama da maguɗi akan soke nasa. Shi ma malamin, kada ka biya kuɗin wata guda a dunƙule. Ka nemi zama ɗaya na gwaji, ka duba ko kai ne ke yawan magana ko shi.

Tsakanin darasi da darasi, ka saita agogon waya minti 2, ka naɗi muryarka kana ba da labarin kekenka na farko, ka tura masa ya saurara.