Hayar mota daga Garwa zuwa Njamena: inshora, kat roz da kuɗin piyaj

Motar da na ɗauka haya a Garwa don zuwa Njamena ba ta da abin kushewa ta wajen ƙarfe. Toyota Hilux ce, tayoyi masu rai, safaya biyu, na'urar sanyi na aiki, direban kuma ya san hanya. Inda kamfanin ya yi rauni shi ne takarda da bayani. Suna miƙa jakar takardu ne kawai su ce komai na ciki, mai haya kuwa ba ya sanin abin da ke ciki sai jandarma ya ɗaga hannu. Duk da haka zan ce a yi hulɗa da irinsu, amma da direbansu, kuma bayan an zauna an karanta abin da zan lissafa a nan.

Yawancin masu ba da haya a Garwa da Marwa ba sa yarda motarsu ta ƙetare iyaka sai da direbansu. Kada ka ga kamar ƙarin kuɗi ne na banza. Idan direbansu ke tuƙi, laifin tuƙi yana wuyansu. Idan kai ne a kan sitiyari, duk ƙarjewa da fashewar gilashi daga kuɗin ajiyarka za a cire. Abincin direba da makwancinsa dai a yi maganarsu tun farko, a rubuta, don a nan ake yawan samun saɓani.

Inshora ita ce wurin da ya kamata a daɗe. Kamaru da Cadi duka suna ƙarƙashin dokar inshora guda, ta CIMA, ƙungiyar da ke tsara harkar inshora a wasu ƙasashen Afirka, wadda aka sa hannu kan yarjejeniyarta a Yawunde a 1992, ƙasashe 14 ke aiki da ita. Sashe na 200 na dokar ya wajabta wa kowace mota inshorar ɓarnar da za ta yi wa wani. A kula da kalmar: wani. Wanda ka buge, babur ɗin da ka taka, shagon da ka afka wa, saniyar da ta faɗo titi. Motar da kake ciki ba ta cikin wannan lissafi, haka shi ma mai tuƙi, sashe na 206 ya fitar da shi ƙarara. To idan mai kamfani ya ce maka "motar tana da inshora", gaskiya ya faɗa, sai dai bai amsa tambayarka ba. Tambayar ita ce: idan motar kanta ta lalace ko aka sace ta a Cadi, wa zai biya? Wannan sai inshorar tu-risk, wato wadda ke ɗaukar ɓarnar motar kanta, kuma ita ma tana da kason da ba a biya, wanda ke komawa kan mai haya. A ce kason sefa 200,000 ne, gyara ya ci 150,000, to kamfanin inshora ba zai fitar da ko dala ba, kai za ka biya duka. Nemi a nuna maka adadin a rubuce. Sannan ka duba ko tu-risk ɗin ya ƙetare iyaka, domin abin da doka ta tilasta ya bi mota zuwa sauran ƙasashen CIMA shi ne inshorar ɓarnar wani kaɗai. Sauran kuwa sai abin da kwangilar ta ce.

Akwai wani tarko da ya fi wannan ɓoyuwa. Motoci suna da rukuni a wajen masu inshora. Motar gida ta yawo da harkokin mai ita tana rukuni na 1, motar da ake bayarwa haya tana rukuni na 8, kuma kuɗinsu ba ɗaya ba ne. Da yawa daga motocin da ake bayarwa haya a garuruwanmu motocin gida ne, wani alhaji ya ajiye tasa a wajen kamfani tana kawo masa ɗan abin cefane, inshorarta kuwa ta rukuni na 1 ce. A shingen hanya wannan ba ya hana wucewa. Ranar hatsari ne yake fitowa, lokacin da mai binciken kamfanin inshora ya gano haya aka ba da ita. Idan an ɓoye ne da gangan, sashe na 18 ya ba su damar soke kwangilar ɗungurum. Idan kuskure ne, sashe na 19 ya ce a rage diyya daidai da gibin kuɗin da ya kamata a biya. Farashin haya da ya yi arha fiye da kima, sau da yawa daga nan arharsa ta fito.

Sai kat roz ta CEMAC, ƙungiyar tattalin arzikin ƙasashen tsakiyar Afirka, takardar nan mai launin hoda da ake bayarwa tare da shaidar inshora. Ƙasashe shida ke amfani da ita: Kamaru, Cadi, Afirka ta Tsakiya, Kwango-Brazzaville, Gabon da Gini Ikwatoriya. Mutane na ɗaukarta kamar wata inshora ce ta biyu, alhali ba ta ƙara maka kariya ko ɗaya. Aikinta shi ne, idan mota mai lambar Kamaru, kamar NO ta yankin Garwa ko EN ta yankin Marwa, ta yi ɓarna a Cadi, ofishin kat roz na Cadi ya karɓi maganar a madadin kamfanin inshorarka na Kamaru, don kada a riƙe direba da mota har sai an biya daga aljihu. A aikace ba kullum ake sakin mota nan take ba, musamman idan an ji wa mutum rauni, amma wanda ba shi da ita ba shi da bakin magana ma. Duba abu uku a jikinta: lambar mota, ranar farawa da ranar ƙarewa. Masu ba da haya na son yanka inshorar wata ɗaya ko wata uku, don haka abu ne mai sauƙi ta ƙare kana tsakiyar tafiya. Ka bar rarar aƙalla mako guda bayan ranar da ka sa za ka dawo. Ka kuma nemi ganin rasiɗin biya, saboda a dokar CIMA, sashe na 13, inshorar da ba a biya kuɗinta ba ba ta fara aiki ba.

Ragowar takardun da ake tambaya sanannu ne: kat giris (takardar rajistar mota), bizit teknik (shaidar duba lafiyar mota) mai rai, farmin direba (lasisin tuƙi), katin ɗan ƙasa ko fasfo, da katin allurar shawara. Kuɗin binyet, wato harajin mota, a Kamaru tun 2017 kamfanonin inshora ke karɓarsa tare da kuɗin inshora, don haka a rasiɗin inshora za ka same shi. Buɗe bonet ka gwada lambar shasi, haruffa da lambobi 17, da abin da ke kan kat giris. Harafi ɗaya ya saɓa, a iyaka zargin motar sata ne. Abin da kamfanin da na yi hulɗa da shi bai tanada ba sai da aka nema, shi ne takardar izinin mai mota. Sunan da ke kan kat giris ba naka ba ne, wataƙila ma ba na kamfanin ba ne, to dole mai sunan ya rubuta cewa ya yarda wane ya fita da mota kaza zuwa Cadi daga rana kaza zuwa rana kaza, a buga mata hatimi a kwamisariya, wato ofishin 'yan sanda, ko ofishin magajin gari. A ɓangaren Cadi kuma duwan, wato jami'an kwastam, za su ba motar takardar shiga ta wucin gadi mai adadin kwanaki. Karanta kwanakin kafin ka bar tagar, kuma ka adana ta, da ita za ka fita. Alwatika, tukunyar kashe gobara da akwatin magani su ma a tabbatar suna cikin mota, ƙananan abubuwa ne amma su ake fara tambaya.

Piyaj, wato kuɗin da ake biya a ƙofofin kan hanya, ba shi da wahala. A Kamaru dala ɗari ne, sefa 500, a kowace ƙofa, kowane wucewa, kuma haka yake tun 1993. A Cadi ma akwai ƙofofin a kan manyan hanyoyin kwalta, ƙasashen biyu kuma sefa ɗaya suke kashewa, ba ruwanka da ɗan canji. Mai haya ke biya, ba kamfani ba. Matsalar ita ce canji: ka miƙa jika goma a ƙofa, ka tsayar da layi. Tanadi 'yan ɗari biyar-biyar na kamar jika goma don zuwa da dawowa, ka riƙe su a hannunka maimakon ka ba direba dunƙule. Karɓi tikiti, ka ga an yago shi daga littafi a gabanka, domin tsohon tikiti na sake zagayowa a wasu wurare. Shingen jandarma ko na 'yan sanda ba piyaj ba ne, ba shi da tikiti, kuma mai cikakkiyar takarda ba shi da abin biya a wurin sai haƙuri.

Hanyar da za a bi ma tana shafar inshora, ko da yake ba kowa ke lura ba. Tsohuwar hanya ita ce Marwa, Mora, Waza, Dabanga, Kusiri, a haye gadar Ngeli a kan kogin Logon a shiga Njamena. Daga Mora zuwa Kusiri kilomita 205 ne da suka daɗe suna cin tayoyi, ga kuma matsalar tsaro da ta tsayar da aikin gyaranta a 2014. Inshora ba ta biyan ɓarnar yaƙi ko tarzoma sai an rubuta hakan musamman, tayoyi da ƙasan mota kuma yawanci a kan mai haya suke. Tun Afrilun 2025 an buɗe gadar Yagwa zuwa Bongor, mai tsawon mita 620, don haka mai fitowa daga Garwa na iya bi ta Figil, Kaele, Yagwa, ya haye Bongor ya miƙe arewa ta Gelendeng. Ni wannan na fi so. Ko wacce ka zaɓa, a rubuta ta a kwangila, kuma ka isa iyaka da safe, ofisoshin da rana suke aiki. Man zuwa-zuwa, wato man fasa-ƙwauri na bakin titi, kuwa ka bar shi ko da ya fi arha, injin da gurɓataccen mai ya kashe babu inshorar da ke ɗaukarsa.

Idan tsautsayi ya faɗa, Allah Ya kiyaye, kada a matsar da mota sai jandarma ko 'yan sanda sun zo sun yi konsta, wato sun rubuta rahoton hatsarin. Ɗauki hoton wurin, da lambar ɗayar motar, da shaidar inshorarta. Kira kamfanin haya nan take, su ne masu kwangilar, su za su sanar da kamfanin inshora, kuma wa'adin gajere ne: kwanakin aiki 5, sata kuwa awa 48. Sulhun bakin titi yana da daɗi a lokacin, amma kuɗin da ka bayar ba tare da konsta ba ba mai mayar maka, kuma amsa laifi da ka yi da bakinka ba ya ɗaure kamfanin inshora.

Mai niyyar leƙawa Yola ko Mubi da irin wannan mota ya sani kat roz ba ta aiki a Najeriya. Najeriya ba ta cikin CEMAC, ba ta cikin CIMA, nata tsarin shi ne katin ruwan ƙasa na ECOWAS, wanda Kamaru ba ta ciki. Sai an yanki inshorar Najeriya daban, da sabon izinin mai mota da ya ambaci ƙasar.

Kuɗin ajiya shi ne inda na ba kamfanin maki mai kyau, sun mayar cikakke a ranar da aka dawo da mota. Abin da ke sauƙaƙa hakan shi ne bidiyon da ake ɗauka kafin tashi: zagaye motar gaba da baya, gilashi, fitilu, tayoyi har da safaya, jak, allurar mai da lambar kilomita, ma'aikacinsu yana tsaye a cikin hoton. A tura masa ta WhatsApp a lokacin don rana da sa'a su zauna a wayoyin biyu. Ranar dawowa a wanke motar kafin a kai ta, a duba ta tare da rana tsaka, a sa hannu a takardar karɓa kafin a miƙa makulli.