CherryTree: sharhin malamin da ya kusa rasa aikin shekaru a dare ɗaya

Masu tambayata a ɗakin malamai wace manhaja ce nake tara bayanan darasi a cikinta, ga amsa: sunanta CherryTree, kuma ko sisi ban biya ba. Ba kyan fuska ne ya ja ni wurinta ba, don in ka buɗe ta sai ka ɗauka manhajar zamanin Windows XP ce. Wani ɗan ƙasar Italiya, Giuseppe Penone, shi ya ƙirƙiro ta, ya sake ta a ƙarƙashin lasisin GPL, wato kowa na da damar ya sauke, ya yi aiki da ita, ya rarraba, in ma ya iya ya leƙa cikinta ya ga yadda aka rubuta ta. Ba rajista, ba imel, ba sai da data ba.

Tarihi nake koyarwa a sakandare, kuma duk wanda ya koyar da shi ya san bayanansa ba sa yarda su zauna a layi ɗaya. Ka ce ƙasar Hausa, sai Kano ta fito daga ciki. Ka ce Kano, sai Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499. Ka ce Rumfa, ga Kasuwar Kurmi, ga Gidan Rumfa, ga zuwan Al-Maghili, kowanne da nasa bayanin. Da can a fayilolin Word nake zuba su, har suka yi yawan da sai in fi ɓata lokaci wajen neman fayil fiye da karanta shi. Daga baya na koma wata manhaja ta intanet da ba zan ambaci sunanta ba. Na saki jiki da ita, kwatsam aka rage wa masu cin kyauta yawan abin da za su iya ajiyewa, aka ce mai son ƙari ya riƙa biya duk wata, da dala kuma. Malamin sakandare da biyan dala duk wata don ya karanta abin da ya rubuta da hannunsa? Har yanzu in na tuna sai raina ya ɓaci.

A CherryTree, hagu bishiya ce, dama shafin rubutu. Kowane maudu'i reshe ne, kuma kana iya tsiro masa ƙananan rassa, su ma su tsiro da nasu, iya zurfin da kake so. Nawa tsarin ya fara daga aji, SS1 zuwa SS3, sai zango, sai maudu'i, sai darasin mako. A ƙarƙashin Jihadi akwai reshen hijira zuwa Gudu a 1804, da na yaƙin Tabkin Kwatto a wannan shekarar, da na faɗuwar Alƙalawa a 1808, da na kafa Sakkwato a 1809. In aka sauya tsarin karatu aka ce wannan darasi ya koma zango na uku, sai kawai in ja reshen in kai shi can, duk 'ya'yansa su bi shi. Dukkan wannan a cikin fayil guda yake, kamar gafakar malami, ka rataya ka tafi da komai.

To, wannan fayil gudan ne ya kusa kashe ni da hawan jini.

Kwamfutata ta gwanjo ce, batirinta ya daɗe da mutuwa, sai da waya a jikin bango take aiki. Ana dab da jarrabawar ƙarshen zango, wani dare ina zaune ina ƙarasa bayanin yaƙin Burmi na 1903, inda Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya yi shahada. Na danna adanawa ke nan aka ɗauke wuta. Allon ya yi baƙi ƙirin. Ban damu sosai ba a lokacin, don ba yau aka fara ba, na shafa addu'a na kwanta. Bayan sallar asuba wuta ta dawo, na kunna, na danna fayil ɗin, ya ƙi buɗewa. Na sake dannawa, saƙon kuskure ne dai ya sake fitowa. Da na duba girmansa a cikin folda sai na ga ya koma ɗan mitsitsi, fayil ɗin da ke ɗauke da taswirori da hotunan ganuwa da bayanan azuzuwa uku. Gabana ya yanke ya faɗi. Ba bayanan darasi kaɗai ne a ciki ba. Akwai tambayoyin jarrabawar da na riga na tsara, akwai hirar da na yi da wani dattijo a kan yadda aka yi harajin jangali a yankinsu, kuma dattijon nan Allah ya riga ya yi masa rasuwa. Wannan ce ta fi tsaya mini a rai. Tambayoyi a sake rubutawa, amma ina zan sake samun muryarsa?

Ranar haka na shiga aji jiki ba ƙwari. Da aka tashi na ɗauki kwamfutar na kai wa wani mai gyara a kasuwa. Ya jujjuya ta, ya ce sai dai a gwada manhajar dawo da fayilolin da suka ɓata, ya yanka kuɗi, ya kuma ce bai yi alkawari ba. Na ce bari in yi shawara. Washegari wani matashin malami da ke koyar da kwamfuta a makarantarmu ya gan ni a zaune shiru, ya tambayi lafiya, na ba shi labari. Ya ce, "Malam, ba ni in gani." Bai ma buɗe manhajar ba, foldar da fayil ɗin yake ya shiga. Sai ya nuna allon da yatsa ya ce, "Malam, waɗannan ukun fa?" Fayiloli uku ne masu suna iri ɗaya da nawa, sai dai a ƙarshen kowanne akwai 'yar alamar nan mai lanƙwasa kamar igiyar ruwa, na farko ɗaya, na biyu biyu, na uku uku. Ya kwafi mai alama ɗaya zuwa wani wuri, ya goge alamar daga sunan, ya danna.

Bishiyar nan ta bayyana a hagu, reshe bayan reshe. Na ce masa ya sauka ƙasa, ya buɗe mini reshen jangali. Ga hirar nan, har da inda na rubuta cewa dattijon ya yi dariya. Wallahi sai da idona ya kawo ruwa a gaban yaron nan. Abin da na rasa duka bai wuce sakin layin ƙarshe da nake rubutawa a daren ba. Na yi ta sa masa albarka har kunya ta kama shi, yana ta cewa, "Ba ni ba ne Malam, manhajar ce ta yi."

Ga abin da ke faruwa, don wanda bai sani ba. Duk lokacin da ka adana, CherryTree ba ta zubar da tsohon kwafi. Takan ajiye shi a gefe da alama ɗaya, na baya ya koma mai biyu, na bayansa mai uku. Uku take ajiyewa in ba ka taɓa komai ba, amma a wurin saiti kana iya ƙara yawansu, kana kuma iya zaɓa musu wata folda daban. Ban nemi wannan ba, ban biya ba, ba a kuma yi mini tallarsa ba. Wani mutum ne kawai ya zauna ya yi tunanin ranar da wuta za ta ɗauke wa wani. Mu da muke zaune inda ɗauke wuta ya zama abincin yau da gobe, wannan ya fi mana duk wani ado da launi.

Sai dai kada a ruɗu da shi. In ka kunna adanawa da kanta duk bayan 'yan mintuna, kwafin nan uku na iya zama na ɗan taƙaitaccen lokaci ne kawai, don sabo na tura tsoho waje. Kuma in duk a kan kwamfuta ɗaya suke, ranar da aka sace ta ko ma'ajiyarta ta mutu, har su sun tafi. Ni yanzu na ƙara yawansu, kuma duk Juma'a nakan kwafi fayil ɗin zuwa filashi. Haka kuma na sauya nau'in fayil. Da a kan ctd nake, wanda akan sake rubuta shi gaba ɗaya duk sanda aka adana. Na koma ctb, wanda ke kan SQLite, wani tsarin ajiyar bayanai, shi abin da ya sauya kawai ake taɓawa, kuma ya fi sauri idan fayil ya yi nauyi da hotuna. Akwai takwarorinsu masu kalmar sirri, ctz da ctx, ga mai ajiye tambayoyin jarrabawa a kwamfutar da yara ke taɓawa. Amma in ka manta kalmar, babu ofishin da za ka kai kuka.

Da a nan na tsaya da sai in ce kowa ya je ya sauke. Amma akwai abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya, kuma ba ƙarami ba ne: babu ita a waya. Tana kan Windows, tana kan Linux, har akwai wadda ba sai an girka ba, a filashi kawai take tafiya, amma masu ita ba su fitar da ta waya ba. Akwai wata 'yar manhajar Android da wani ɗan sa-kai ya yi don buɗe fayilolinta, sai dai kai ne za ka riƙa kai fayil ɗin wayar da hannunka, babu wani haɗi da ke daidaita su da kansa. Mu kuwa rayuwarmu a waya take. Tunani yakan zo mini a cikin A Daidaita Sahu, ko ina jiran sallah a harabar masallaci, ko wani ɗalibi ya yi tambayar da ta dace a ƙara cikin darasi. A nan babu yadda zan yi da bishiyata, tana gida a kan tebur. Abin da nake yi shi ne in fitar da reshen da zan koyar a matsayin PDF in tura wa kaina ta WhatsApp. Yana aiki, amma karatu ne kawai, ba gyara. Malamin da ba shi da kwamfuta sam, gaskiya CherryTree ba tasa ba ce, kada ma ya wahalar da kansa.

Shi ya sa na sa Joplin a wayata. Ita ma kyauta ce kuma a buɗe take, Laurent Cozic ne ya fara ta, tana da ta Android da ta iPhone da ta kwamfuta, kuma tana daidaita su ta ma'ajiyar intanet irin su Dropbox ko OneDrive ko Nextcloud. Tana da littafi a cikin littafi, amma shi rubutun kansa ba ya haihuwar wani rubutu a ƙarƙashinsa yadda reshen CherryTree ke yi, kuma wannan bambancin yana damun mai irin aikina. Joplin ta kwamfuta an gina ta a kan Electron, wato tana tafe da injin burauza a cikinta, tsohuwar kwamfuta irin tawa kuwa ba ta da ƙarfin wannan. CherryTree kuwa da yaren kwamfuta na C++ aka sake rubuta ta bayan ta daɗe a kan wani yaren mai suna Python, kuma kafin in gyara zama ta buɗe. Na leƙa Zim, wadda ke ajiye kowane shafi a matsayin fayil ɗin rubutu zalla, abin da ya burge ni ƙwarai don ko manhajar ta ɓace rubutunka na nan. Na leƙa Logseq ma, amma ita ta fi dacewa da mai rubuta abin da ya faru kullum-kullum, ni kuwa tsarin karatu nake bi.

Sai batun haruffanmu masu lanƙwasa. Rubuta su ba matsala, har akwai wani jerin haruffa na musamman a wurin saiti da za ka iya zuba ƙ da ɗ da ɓ a ciki, ka riƙa ɗauko su in madanninka ba shi da su. Matsalar a wajen bincike take. Tsofaffin bayanaina da waɗanda na kwafo daga wurin abokai, wasu da lanƙwasa aka rubuta, wasu babu. In na nemi Alƙalawa ba za ta kawo mini inda aka rubuta Alkalawa ba, don a wurin kwamfuta haruffa biyu ne daban. Wannan ba ita kaɗai ke da shi ba, amma yana gajiyar da ni. Matashin malamin nan ne dai ya sake nuna mini dabara: akwai wani zaɓi a akwatin bincike da in ka kunna shi ka rubuta Al[kƙ]alawa, sai ta kawo duka biyun. Na iya yanzu, amma na san malamai da yawa da ba za su taɓa jure wannan ba.

Sannan duk rubutun da ke jikin maɓallanta babu Hausa. An fassara ta zuwa harsuna da dama, kuma 'yan sa-kai ne ke yi, kowa ya ɗauki harshensa. Akwai malaman Islamiyya da na sani waɗanda babi da fasali da mas'ala suke tsara karatunsu, daidai yadda bishiyar nan take, amma Turancin da ke jikinta zai kore su tun a ƙofa. Mun yi magana da abokin aikin nawa a kan mu zauna a hutun dogon zango mu fara fassarawa, shi ya riƙe ɓangaren kwamfuta, ni in riƙe na harshe. Wanda yake da hannu a fassara kuma yana da lokaci, muna buƙatarsa, musamman wanda ya san yadda mutanen Maraɗi da Damagaram ke kiran kayan kwamfuta, don su ta Faransanci suka karɓo nasu kalmomin, kuma ba ma so mu yi abin da sai a wannan gefen iyaka kawai za a gane shi.