Gargaɗi kan dillalan da ke sayar da tsofaffin faya-fayai da sunan mawaƙin da ya ɓace

Ina jan hankalin masu tara tsofaffin faya-fayan garmaho game da wata damfara da ke yawo a shafukan saye da sayarwa na intanet, wadda ni ma saura ƙiris ta ritsa da ni. Wani dillali ya turo mini hoton faifai mai farin tambari, babu sunan mawaƙi, tare da guntun sauti na wani mutum yana rera waƙa da jita irin salon Amurka na wajajen 1970. Ya ce bincikensa ya tabbatar masa cewa muryar Sixto Rodriguez ce, wai faifan gwaji ne da ba a taɓa fitarwa kasuwa ba, kuma in ina so in tura kafin alƙalami a ranar, domin wani mai saye yana jira.

Ba banza ba ya zaɓi wannan suna. Rodriguez mutumin Detroit ne, ya fitar da Cold Fact a 1970 da Coming from Reality a 1971 a ƙarƙashin kamfanin Sussex, amma ba su yi kasuwa a Amurka ba, sai ya koma aikin leburanci. A Afirka ta Kudu kuwa waƙoƙinsa sun karɓu ƙwarai alhali shi bai sani ba, har jita-jita ta bazu cewa ya kashe kansa a kan dandamali, kafin wasu masoyansa su gano a 1997 cewa yana raye, ya kuma je can ya yi wasa a 1998. Ga kuma ruɗanin suna, domin faifansa na 1967 ya fito ne da sunan Rod Riguez, sannan an rubuta Jesus Rodriguez a matsayin marubucin wasu waƙoƙin Cold Fact. Mutumin da tarihinsa ke da giɓi irin wannan, wanda kuma ya rasu a 2023, da sauƙi a jingina masa kowace murya, tunda ba ya nan balle ya musanta.

Abin da ya cece ni shi ne tambaya guda. Kowane faifai yana da lambobin da aka zana a santsin da ke tsakanin tsagin waƙar ƙarshe da tambarin tsakiya, kuma da su ake gane bugun da faifan ya fito daga ciki, ana iya kwatanta su da abin da masu tarawa suka rubuta a Discogs, shafin intanet da ke tattara bayanan faya-fayai. Na nemi ya ɗauki bidiyon wurin, da takarda a gefe ɗauke da kwanan ranar. Sai ya fara kame-kame, ya ce haske bai isa ba, daga bisani ya rage kuɗin da kansa, wanda a ganina shi ne babbar alamar rashin gaskiya.

Kada kowa ya dogara da kunnensa. Mawaƙan da suka yi irin wannan kiɗa a wancan zamani suna da yawa, muryoyinsu na kama da juna, yanzu kuma manhajar kwamfuta tana iya kwaikwayon murya har da ƙarar tsufan faifai.

Akwai wani salon damfarar kuma, inda ake sayar da sabon bugu a matsayin na farko. Kamfanin Light in the Attic ya sake buga Cold Fact a 2008, kuma halal ne a saya, amma ba da farashin na 1970 ba. Duk kwalin da ke ɗauke da layukan nan da na'urar kanti ke karantawa ba na 1970 ba ne, domin a lokacin ba a fara sa su a kwalin faifai ba.

Dillalin nawa ya dage sai dai in biya ta hanyar da aka tanada don tura wa 'yan'uwa da abokai kuɗi a manhajar biyan kuɗi ta PayPal, wadda ba ta da kariyar mai saye. Da na ƙi, ya toshe ni, kuma bayan kwana biyu na ga hoton faifan nan a wani zauren intanet, da sunan wani mawaƙin daban.